Rafin birnin Seoul: an farfaɗo da kogi ne, ko kuwa famfo aka gina mai tsawon kilomita 6?

A yau za mu yi sharhi ne a kan wani aiki da ya yi suna a duniya, wanda da wuya masu tsara birane su yi taro su tashi ba a nuna hotonsa ba, wato aikin tono wani rafi da aka binne a tsakiyar birnin Seoul, hedkwatar ƙasar Koriya ta Kudu. Sunan rafin Cheonggyecheon, amma da yake sunan yana da nauyi a bakinmu, za mu riƙa ce masa rafin Seoul kawai. Ana yawan kafa misali da shi a matsayin shaidar cewa za a iya amfani da ilimin halittu a gyara gari. To shin aikin ya cancanci wannan yabo? Kuma idan garuruwanmu za su kwaikwaya, me ya kamata su ɗauka, me ya kamata su bari? Sai ku gyara zama.

Da farko bari mu fahimci ilimin da ake magana a kai. Masana na kiransa ikoloji, wato nazarin yadda halittu ke rayuwa da juna da kuma inda suke zaune: ruwa da ƙasa da iska da rana, da tsirrai da ƙwari da kifi da tsuntsaye, har da shi ɗan Adam. Babban darasin wannan ilimi shi ne, a wurin da yake lafiya lau, abin da wata halitta ta zubar shi ne abincin wata, kuma wurin yana riƙe kansa da kansa ba tare da wani ya tsaya yana tura shi kullum ba. Ku riƙe wannan magana, domin da ita za mu auna aikin na Seoul.

Shi dai wannan rafi ya ratsa tsohon birnin ne daga yamma zuwa gabas, yana kwasar ruwan da ke gangarowa daga duwatsun da suka kewaye garin, ya kai shi wani rafin, daga nan kuma a zarce babban kogin Han. Tun zamanin sarakuna yake ba mutane wahala da ambaliya, har a shekarar 1760 sarki Yeongjo ya tara kimanin mutane 200,000 suka yashe shi. Bayan yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953, 'yan gudun hijira da talakawa sun kafa bukkoki a gaɓarsa, rafin ya koma kwata mai wari. Maganin da hukuma ta gani a wancan lokaci shi ne a rufe abin a huta. Daga 1958 aka fara lulluɓe shi da kankare, aka shimfiɗa titi a kai, sannan aka ɗora gadar sama a bisan titin, wadda aka kammala a cikin shekarun 1970. Kafin a rushe su, motoci kusan 170,000 ne ke bin titin da gadar a kowace rana.

A 2002 Lee Myung-bak, tsohon shugaban kamfanin gine-gine na Hyundai, ya ci zaɓen magajin gari da alkawarin zai dawo da rafin. A watan Yuli na 2003 aka fara rushe gadar, a farkon watan Oktoba na 2005 kuma aka buɗe rafi mai tsawon kilomita 5.8 da gadoji 22, a kan kuɗi kimanin won biliyan 386, wato ɗaruruwan miliyoyin dalar Amurka. Watanni 27 ke nan kacal.

Kafin suka, a ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Mutane da yawa sun yi hasashen cewa idan aka cire wannan gada cunkoson motoci zai shaƙe birnin. Hakan bai faru ba, kuma dalilin a fili yake. A watan Yuli na 2004, aikin na tsakiya, hukumar birnin ta sake tsarin bas-bas ɗungurungum: ta ware musu layinsu na musamman a tsakiyar manyan tituna, ta kuma fito da kati guda da mutum zai biya kuɗin bas da na jirgin ƙarƙashin ƙasa da shi. Mutane da dama suka ajiye motocinsu a gida. Ban da wannan, awon da aka yi bayan buɗe rafin ya nuna zafin da ke bakinsa ya yi ƙasa da na titunan da ke 'yar tazara da shi da digiri 3 zuwa kusan 6 a ma'aunin Celsius, saboda kwalta da kankare suna shan zafin rana su riƙe, ruwa da ganye kuwa suna sanyaya iska ta hanyar tururi, ga kuma hanyar da iska ta samu tana ratsa tsakiyar gari. Alƙaluman hukumar birnin sun ce tsakanin 2003 da 2008 nau'in kifi ya tashi daga 4 zuwa 25, na tsuntsaye daga 6 zuwa 36. Dubban mutane ne ke zuwa shan iska a wurin kowace rana. Duk wanda ya san yadda wurin yake a da, ba zai ce a mayar da gadar ba.

To ina gizo ke saƙar? Tambaya ta farko da mai ilimin halittu zai yi idan aka nuna masa rafi ita ce: daga ina ruwan nan yake zuwa? A nan ne labarin ke canzawa. An tsara rafin ne a kan ruwa kimanin tan 120,000 a kowace rana, kuma mafi yawansa daga kogin Han ake zuƙo shi, a tace shi, sannan injina masu aiki da wutar lantarki su tura shi ta cikin bututu zuwa tsakiyar gari, inda yake ɓulɓulowa kamar daga maɓuɓɓuga. Ragowar kuwa ruwan ƙarƙashin ƙasa ne da ke tsattsafowa a tashoshin jirgin ƙasa. Ma'ana, ana ɗauko ruwa daga inda rafin ya kamata ya ƙare, a kai shi inda ya kamata ya fara, a sake shi ya gangara. Su kuwa ƙananan ƙoramun da ke saukowa daga duwatsu, waɗanda su ne uwayen rafin na asali, akasarinsu an bar su a binne a ƙarƙashin tituna, ruwansu na shiga magudanar ƙazanta. An kuma shimfiɗa abin da ke hana ruwa nutsewa a ƙasan rafin don kada a yi asarar wanda aka turo, alhali rafi na gaskiya yana musayar ruwa da ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Ranar da aka kashe injinan, ba a daɗe ba za a ga ƙasa. Shi ya sa masu fafutukar kare muhalli na ƙasar ta Koriya da kansu suka riƙa kiransa famfon ado mai tsawo.

Masu kare aikin suna da amsa, kuma ya kamata mu ji ta. Sun ce tun asali rafin ba ya gudu duk shekara, yakan cika da damina ya ƙafe da rani, don haka idan ba a turo ruwa ba, mutane za su ga busasshen kwari ne na tsawon watanni, ruwan da ya kwanta kuma ya yi wari. Wannan gaskiya ne. Sai dai amsar ta tona asirin abin da aka sa a gaba. Rafin da ke cika ya ƙafe yana da irin tsirransa da ƙwarinsa da suka saba da hakan. An zaɓi a yi rafin da zai yi kyau a ido kwana 365, maimakon wanda ya dace da yanayin wurin. Zaɓi ne da mai gari ke da ikon yi, amma sunansa ado, kuma a kowace shekara sai an biya kuɗin wuta da na kankare gansakuka kafin adon ya tsaya.

Tambaya ta biyu: ina ƙazanta take zuwa? A tsohon birnin Seoul bututu ɗaya ne ke ɗaukar ruwan sama da ruwan bayan gida. A ranakun da babu ruwa, duka yana tafiya wurin tacewa ta manyan bututun da aka binne a gefen rafin. Amma idan aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, bututun na cika, ƙofofin da ke jikin bangon rafin su buɗe da kansu, gaurayen ruwan sama da najasa ya kwararo ciki. Ƙananan halittun da ke ruɓar da ƙazanta sai su shanye iskar oksijin da ke cikin ruwan, kifaye su shaƙe. An sha ganin matattun kifaye suna yawo a saman rafin bayan irin wannan ruwa. Wato dai tsohuwar cutar tana nan, an dai yi mata sutura mai kyau. Har ma a kan yawan nau'in kifin da ake alfahari da shi an yi gardama, domin wasu masana sun ce an ga irin kifayen da ba na yankin kogin Han ba ne, abin da ke nuna hannun mutum ne ya kawo su.

Tambaya ta uku ita ce wadda aka fi mantawa da ita: su wa aka tasa? Unguwar da gadar ta ratsa cike take da dubban shaguna na masu sayar da ƙarafa da kayan gyara da kayan lantarki, da ƙananan maƙera, ga kuma 'yan tebur a bakin titi. An kwashe 'yan tebur ɗin aka kai su wani tsohon filin wasa a Dongdaemun, bayan 'yan shekaru kuma aka rushe filin don gina katafaren zauren baje koli, aka sake tasar su. Masu shaguna kuma an gina musu wata babbar kasuwa mai suna Garden Five can a kudu maso gabashin birnin, nesa da abokan cinikinsu, kuma kuɗin shagunan ya fi ƙarfin da yawa daga cikinsu. A gefe guda farashin filaye a bakin rafin ya yi sama. Wani zai ce ai wannan batun siyasa ne, ina ruwan kimiyya? To ai kasuwa ma tana da irin tata sarƙar: mai yankan ƙarfe na dogara da mai walda, mai walda na dogara da mai sayar da kusa, dukkansu na dogara da mai abinci. Wanda ya fahimci cewa ba a cire halitta ɗaya daga tafki ba tare da an taɓa saura ba, ya kamata ya fahimci wannan.

Me ya sa aka yi haka? Gaggawa. Wa'adin magajin gari shekaru 4 ne, ruwa kuwa ba ya aiki da kalandar zaɓe. Buɗe ƙoramun sama da raba bututun najasa da na ruwan sama aiki ne na shekaru masu yawa da ba ya fitowa a hoto. Wasu daga cikin 'yan kwamitin jama'a da aka kafa don ba da shawara sun ajiye aiki tun ana tsakiyar gini, sanannar marubuciya Park Kyung-ni da ta goyi bayan tunanin tun farko ita ma ta dawo tana sukar yadda aka aiwatar da shi. Shi kuwa Lee kwalliya ta biya masa kuɗin sabulu, don ya zama shugaban ƙasa a 2008, inda ya faɗaɗa irin wannan tunani a aikin manyan koguna huɗu, aka gina madatsai 16, daga baya kuma aka yi ta kukan ruwan da aka tsare yana yin kore shar da gansakuka. A 2012 wani magajin garin, Park Won-soon, ya kafa kwamitin da zai sake duba yadda za a mayar da rafin kusa da halittarsa ta asali, shekaru 7 kacal da buɗe shi.

Domin mu ga bambanci, bari mu leƙa wani wurin da ba a cika sa hotonsa a mujallu ba. A gabashin birnin Kolkata na ƙasar Indiya akwai dausayi mai faɗin kadada 12,500. Ƙasar birnin ta karkata ne zuwa gabas, saboda haka ƙazamin ruwan miliyoyin mutane yana gangarawa can ta magudanai. Masunta na tare shi su shigar da shi kaɗan-kaɗan cikin tafkuna fiye da 200 marasa zurfi, waɗanda ba su cika wuce mita guda ba. Rashin zurfin shi ne sirrin, don rana na ratsa ruwan. Bakteriya na ruɓar da ƙazantar, gansakuka mai ƙananan ƙwayoyi na cin abin da suka saki ta girma da hasken rana tana fitar da oksijin, oksijin ɗin ya koma ya taimaki bakteriya, kifaye irin su karfasa kuma su cinye gansakukar. Hasken rana da canjin da gansakuka ke kawo wa ruwan suna kashe yawancin ƙwayoyin cuta. Ruwan da ya fita ana ban ruwan shinkafa da shi. Wurin na samar da kifi fiye da tan 10,000 a shekara, ga kayan lambu, ga dubban iyalai da ke cin abinci a ciki. Ba injiniyoyi ne suka ƙirƙiro wannan dabara ba, masunta ne. Wani injiniya mai suna Dhrubajyoti Ghosh, wanda ya rasu a 2018, shi ne ya gano darajarta a farkon shekarun 1980 ya yi ta yaƙin kare ta. A 1992 babbar kotun birnin ta hana a cike wani sashe don gina cibiyar kasuwanci, a 2002 kuma aka sa dausayin cikin jerin Ramsar, wato yarjejeniyar duniya ta kare dausayi.

Kada ku ɗauka can aljanna ce. Akwai wari, akwai fargabar gubar ƙarafa daga majemu da masana'antu, wadda rana da gansakuka ba sa iya kashewa, tafkunan na cikewa da laka, 'yan filaye kuma na ta yagar gefensa duk da dokar da aka kafa a 2006. Amma idan muka ɗora wuraren biyu a kan ma'aunin da muka ajiye da farko, za mu ga a Seoul ana kashe wuta don a kai tsabtataccen ruwa wurin da za a kalle shi, a Kolkata kuwa rana ce ke karɓar ƙazamin ruwa kyauta ta mayar da shi abinci. Abin takaicin shi ne na farkon ne shugabanni ke zuwa yawon gani da ido.

To ina ruwanmu da duk wannan? Masu sauraronmu na birnin Accra, ko Ankara kamar yadda mutanen zango ke cewa, sun san babbar kwatar da ke ratsa Nima da Mamobi. Asalinta rafi ne, kuma tana zuba ne a kogin Odaw, shi kuma ya zuba a tafkin Korle kafin teku. Sun kuma san abin da ya faru a daren 3 ga watan Yuni na 2015, lokacin da ambaliya da gobarar gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah suka hallaka mutane fiye da 150. An sha yashe tafkin Korle, yana sake cikewa, saboda ƙasa da shara daga sama suke zuwa, ana barin jaki ana dukan taiki. Bayan bala'in na 2015 abin da aka fara yi shi ne rushe gidajen talakawa a Old Fadama. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 don aikin magance ambaliya a yankin kogin Odaw, kuma Nima na cikin unguwannin da aka sa a shirin. A lokaci guda kuma gine-gine na ta cin dausayin Sakumo kusa da Tema, wanda shi ma yana cikin jerin Ramsar. A Kano kuwa, a shekarun 2010 aka fara rufe kogin Jakara da kankare don shimfiɗa titi a kai, abin da Seoul ta fara a 1958 ta dawo ta kashe maƙudan kuɗi tana warwarewa. Kududdufan cikin birni da aka haƙa tun kaka da kakanni wajen ɗibar ƙasar gini, waɗanda ke riƙe ruwan sama, ana ta cike su ana yanka filaye. Gani ga wane, ai ya isa wane tsoron Allah.

Abin da za a ɗauka daga Seoul shi ne ƙarfin halin karɓe fili daga hannun mota a mayar wa mutane, da kuma gyara sufurin jama'a tare da rushe titin. Abin da za a bari shi ne injin. Garin da wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa, wanda kuma asibitocinsa ke neman kuɗin man janareto, idan ya gina rafin da ke rayuwa da famfo, to cikin 'yan shekaru zai samu doguwar kwata mai tsada da sauro ke haihuwa a ciki. Aikin da ya fi amfani ba shi da ƙyalli: kwashe shara kafin ta shiga ruwa, hana najasa shiga magudanar ruwan sama, barin fadamu da kududdufai a inda suke tare da tsabtace su, dasa itatuwan da suka saba da ƙasar a gefen rafi, da zama da mutanen unguwa kafin a zana taswira.

Saboda haka, masu sauraro, duk ranar da aka kira ku taron unguwa aka nuna muku zanen rafi mai shuɗin ruwa da fitilu da kujeru, ku tambayi mai zanen daga ina ruwan zai fito da rani, ina najasa za ta bi ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, wa zai biya kuɗin kula da wurin bayan an yanke kirtani an watse, sannan ina za a kai waɗanda ke zaune ko suke sana'a a bakin rafin. Idan ya amsa, ku ba shi goyon baya. Idan ya ce ku dai dubi kyan hoton, to kun san inda aka dosa.

A nan za mu dakata a shirin namu na yau. Muna jiran wasiƙunku, musamman daga waɗanda ke zaune kusa da rafi ko kwata a garuruwansu, ku shaida mana yadda wurin yake a da da yadda ya koma yanzu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, ku huta lafiya.